Ɗinyar Baba Karel

Bana ma an hana ba shuka ruwa da tiyo. Kamfanin ruwa ne ya aiko da sanarwar, kamfanin da ni kaina nake yi wa aiki, rediyo ya maimaita, maƙwabciyata kuma ta leƙo ta kan katanga don ta tabbatar na ji. Ciyawar filin ƙwallon unguwarmu a Dagenham ta koma launin tsohuwar tabarma. Shekaranjiya da la'asar 'yata Zainab ta same ni tsugune a lambu ina alwala a cikin roba. Da na gama na ɗauki robar na kai gindin itacen da ke kusurwa na juye. Ta tsaya tana kallona kamar ta kama ni da kazar mutane a hammata.

"Daddy, it's just a tree," in ji ta. Haka 'ya'yan nan suke, ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci.

Na ce, "Wa ya ce miki itace ne kawai? Gari ne guda. Akwai coci a ciki, da tafki, da maƙera, da mahaukaci ɗaya."

Ta shiga ta gaya wa uwarta rana ta taɓa ni. To, ranar ta taɓa ni, amma ba ta bana ba.

Na zo London a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da man fetur ya sa Najeriya ta fara tafiya tana kaɗa kafaɗa. Gwamnatin jiharmu ta kwaso mu ta zuba a jirgi, wai mu koyo ilimi mu koma mu gyara ƙasa. A zamanin nan idan ɗan Najeriya ya shiga kanti a London, masu kanti har rusunawa suke yi. Na san wani abokinmu da ya sayi kwat mai nauyin da sai mun taru mu biyu muke ɗora masa. Ni kuwa rediyo na saya, mai girman akwatin aure, wanda idan na kunna shi tagogin layinmu sai sun amsa.

Ɗaki na samu a saman wani gida a Dagenham, gidan wani tsoho da matarsa. Sunansa Karel, ita kuma Lida. Ba Turawan Ingila ba ne, mutanen ƙasar Chek ne da suka gudo bayan yaƙin duniya, lokacin da 'yan gurguzu suka karɓe mulkin ƙasarsu. Ya yi aiki a masana'antar motoci har ya yi ritaya. Ba su taɓa haihuwa ba. Turancinsa gurgu, nawa makaho, haka suka riƙa jan juna har muka fahimci junanmu. Ban yi mako guda ba na koma kiransa Baba, ita kuma Inna. Da ta ji ba na cin naman alade, Inna Lida ta sayo tukunya sabuwa ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce duk wanda ya taɓa ta ban da ni sai ta karya masa yatsa. Baba Karel kaɗai ne a gidan ban da ni, don haka kowa ya san da wa ake.

Ranar da na tare ya tambaye ni me nake karantawa. Na buɗe ƙirji na ce injiniyan ruwa, zan koma gida in gina madatsun ruwa manya-manya. Sai ya dube ni daga sama har ƙasa, har na fara tunanin ko in ɗauki akwatina. Can ya ce, "Biyo ni, Injiniya." Ya buɗe ƙofar kicin.

Lambu ne siriri mai tsawo, irin na gidajen unguwar. Na ga kabeji, da dankali, da wake, da wani tsohon bahon wanka da aka binne a ƙasa aka cika da ruwa, da tarin bulo an kafa masa ɗan gicciye a kai. Ni a idona lambun tsohon da ba shi da aikin yi ne. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara hula ya ce, "Nan tasha ce. Jirgin ƙasa ya sauke ka. Barka da zuwa Olshanka."

Ashe garinsu ya shimfiɗa a lambun, gida-gida. Hanyar simintin da ta ratsa tsakiya ita ce babbar hanya daga tasha, wadda take gangarawa cikin kwari tsakanin tuddai biyu. Kunyar wake ta dama makaranta ce. Kunyar albasa maƙera. Kabeji gidan dagaci ne, domin a cewarsa kan dagacin haka yake. Bahon nan shi ne tafkin garin, wanda wasu masu zaman ibada suka haƙa tun zamanin da ba a san taba ba, suka zuba kifi. Duk kaka akan buɗe shi ruwan ya tsiyaye, gari duka ya shiga taɓo har gwiwa ana kama kifi da hannu, mata suna guɗa irin tasu. Tarin bulo cocin ne, ƙarami, ba ya ɗaukar mutanen garin duka, shi ya sa maza suke tsayawa a waje, abin da dama suka fi so. Ƙararrawarsa ta farko sojojin Jamus suka sauke suka narkar. Tulin takin da ke gefen katanga shi ne tudun da sojojin Suwidin suka yi sansani a wani tsohon yaƙi, suka cinye shanun garin suka tafi suka bar annoba. A mararraba kuma ya kafa wani dutse mai faɗi, madadin gicciyen dutsen da aka sa wani mutum ya sassaƙa da hannunsa a wurin da ya kashe ƙanensa a kan iyakar gona.

Garin bai fi wata unguwa a Ɗanbatta girma ba, amma tarihinsa idan Baba Karel ya fara shi da hantsi sai Inna Lida ta kira mu abincin dare bai kai zamanin kakansa ba.

Na ce, "Baba, to yanzu wa yake gidanku?"

Ya ce, "Kifi."

Na yi dariya, don na ɗauka irin barkwancina yake yi. Shi bai yi ba. 'Yan shekaru kafin zuwana gwamnatinsu ta datse kogin kwarin domin birni ya samu ruwan sha. Aka kwashe mutane aka zuba su a benaye a wani gari, aka rushe gidaje, aka sare itatuwa, ruwa ya hau. Injiniyoyi irina ne suka yi aikin. Tun daga ranar ban ƙara yi masa maganar madatsa ba, shi kuwa bai daina kirana Injiniya ba har ƙarshe.

A ƙarshen lambun, inda gidan mahaifinsa ya kamata ya kasance, bai aje wani abu madadi ba. Itace ne tsaye. Ranar da zai gudu ya tsinki 'ya'yan itacen ƙofar gidansu ya ci a hanya, ya zuba ƙwallayen a aljihu. Ya shuka su a Ingila, ɗaya ya tsiro. 'Ya'yansa shuɗaye ne masu duhu, kamar ɗinyar da ta ci ta ƙoshi. Suna da sunan da suke kiransa, wanda idan na gwada faɗa sai Inna Lida ta ce min sannu, don ta ɗauka atishawa na yi. Ni dai ɗinya na sa masa, sunan kuma ya bi shi. Duk sauran abin da ke lambun kwaikwayo ne. Wannan kaɗai ne ya fito daga Olshanka da ransa.

A garinsu, idan 'ya'yan sun nuna, sai a zuba su a babbar tukunyar tagulla a dafa ba sukari, ana juyawa da doguwar muciya ba tsayawa har su koma baƙin maɗi mai kauri. Gida ɗaya ba ya iyawa, sai maƙwabta sun karɓi juna, ana waƙa ana gulma. Na ce ai gayya ke nan, mu ma muna yi. Kakar farko da na yi a gidan ni na zama maƙwabtan duka. Na juya maɗin nan har hannuna na dama ya fi na hagu tsawo.

Sai shekarar fari ta zo.

Tun lokacin sanyi ruwa ya yi ƙaranci, amma ba wanda ya kula, don a Ingila ba a saba roƙon ruwa ba, roƙon ya ɗauke ake yi. Da rani ya shigo sai sama ta buɗe ta yi fayau, ta ƙi rufewa. Da farko Turawa murna suka yi. Suka tuɓe suka kwanta a ciyawa suka yi ja kamar tattasai. Ni ina yi musu dariya, ina cewa wannan ai sanyin asuba ne a garinmu. Ban daɗe ba na daina. Zafin London ba shi da inuwar da za ka gudu, gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi, su kuwa suka riƙe amana. Kwalta ta narke tana cafke takalmi. Madarar da ake ajewa a ƙofa kafin ka sauko ta zama kindirmo. Cikin tube kuwa, wato jirginsu da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, idan ka shiga da ɗanyen ƙwai a aljihu, ka fita da abin karin kumallo. Iska ta riƙa kawo ƙaurin ciyawar da ke ci da wuta a bakin layin dogo. Wasu 'yan ƙwari jajaye masu ɗigon baƙi suka cika gari, yunwa ta sa har mutane suke cizo. Ƙasar lambun ta tsage, tsagar da hannuna yake shiga har wuyan hannu.

Ni na san wannan tsagar. 'Yan shekaru kafin nan na gan ta a gonar mahaifina, shekarar da muka yi shuka sau uku ba mu girbe ko tsaba ɗaya ba, shanun Fulani suna faɗuwa a bakin hanya. Na ɗauka na baro ta a gida.

Aka hana tiyo. Aka ce kowa ya yi wanka da ɗan ruwa, ya ba shuka ragowar. Duk wanda lambunsa ya yi kore sai maƙwabta su riƙa yi masa kallon ɓarawo. Na ce, "Baba, bari in riƙa cika bokiti a famfo, wa zai sani?"

Ya ce, "Injiniya, ƙasa ɗaya ta riga ta kore ni. Ban da wata a aljihu."

Haka muka tsara rayuwar gidan a kan ragowar ruwa. Da safe Inna Lida ta wanke kwanuka a roba, ruwan ya tafi gidan dagaci. Ruwan wanki na makaranta ne. Ruwan wanka, wanda ba ya rufe idon sawu, ni nake kwasowa daga bene da bokiti in raba wa sauran gidaje. Amma ɗinya Baba Karel ya hana a kai mata ruwan sabulu. Ya ce tsohuwa ce, cikinta ba zai ɗauka ba. Ruwan dafa dankali da ragowar shayi kawai take samu, abin da ko kyanwa ba zai ƙosar ba.

Wata rana ya gan ni ina alwala a bakin magudana, ruwa yana bin rami yana tafiya. Ya tsaya a kaina har na sallame salla.

"Wannan wankin da kake yi, da sabulu?"

"Babu, Baba."

"Sau nawa a rana?"

"Biyar."

Ya ɗaga hannu sama ya faɗi wata magana da harshensu. Inna Lida ta ce cewa ya yi addinin nan naku da hankali aka tsara shi. Daga ranar aka ba ni roba. Ban taɓa riƙe alwala da ƙyar irin na shekarar ba, ko tari na yi sai Baba Karel ya ce, "Ba ta karye ba?"

Ina da aboki, Habu, ɗan Haɗeja, yana karatun lauya, yana zaune a wani gidan haya a Whitechapel da wasu ɗalibai, kusa da ɗan masallacin da muke Juma'a. Alaramma muke ce masa, don tun da na san shi ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake yi wa mai gidan haya. Na roƙe shi su riƙa tara mana nasu ruwan.

Ya ce, "Kai Bala, ka ji tsoron Allah. An ce a ƙasarsu da 'ya'yan itacen nan ake yin giyar da ke kwantar da doki. Ruwan alwalata za ka kai wa giya?"

"Alaramma, dawa ma ana burkutu da ita. Ka daina cin tuwo?"

"Kai dai bakinka ya fi karatunka nisa."

Na jawo shi gidan. Inna Lida ba ta yi musu da shi ba, burodi ta yanka ta shafa masa maɗin bara. Ya ci yanka ɗaya yana ɓata rai, ya ci na biyu yana nazari, a na uku ya ba da fatawa. Tun daga nan duk bayan kwana biyu sai ga Alaramma ya sauko daga tube da jarka a kowane hannu, gumi ya jiƙa masa kwat, ruwan ya yi zafin da ganyen shayi kawai ya rage a jefa. Wani ma'aikacin tasha ya taɓa tare shi ya tambaye shi mene ne a ciki. Da yake ba ya ƙarya, ya tsaya ya yi wa mutumin bayanin alwala tun daga niyya har wankin ƙafa. Ba a ƙara tare shi ba.

Duk da haka ruwan bai isa ba. Sai Baba Karel ya fara sallama gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cewa wake ya bushe. Sai ya shigo kicin ya cire hula ya ce wa matarsa, "Lida, an rufe makaranta." Bayan kwanaki, "Maƙeri ya tashi." Ita kuma ta ci gaba da yankan albasarta ba ta juyo ba. Tafki ya ƙafe, ya koma bahon wanka mai tsatsa. Dagaci ne ya fi kowa taurin kai, amma shi ma ya kwanta. Mutanen da ruwa ya kora sau ɗaya, ga shi rashin ruwa yana sake korarsu a gaban idonsa, ni kuma ina biye da bokiti.

Wata Lahadi suka dawo daga cocin da 'yan ƙasarsu ke taruwa, bai ko cire takalmi ba ya zauna a dokin ƙofar kicin, wato a tasha. Wani direban babbar mota da ke zuwa can ya ba su labari. Farin ya kai har ƙasarsu. Ruwan madatsar ya ja baya, Olshanka ta fito. Ana ganin harsashin gidaje, da matakalar cocin, da gadar dutse. Tsofaffin garin suna zuwa daga benayensu suna tafiya a kan busasshen taɓo, kowa yana neman ƙofar gidansa.

Ya ce, "Injiniya, kai da kake salla sau biyar, me kake roƙo?"

"Ruwa, Baba."

"To. Idan an yi ruwa, itacena ya rayu, garina ya koma ƙasa. Idan ba a yi ba, garina yana shan iska, itacena ya mutu. Ni wanne zan roƙa?"

 Na ɗauki robata na tafi alwalar da lokacinta bai yi ba.

Ɗinya ta fara zubar da 'ya'ya tun suna kore, ƙanana, a yamutse. Sai ganye ya naɗe, ya yi ruwan ƙasa, ya bi su. Kafin ƙarshen watan Agusta ta tsaya tsirara. Wata safiya na leƙo ta taga na ga Baba Karel a gindinta da zarto. Ban san yadda na sauko benen ba, ina jin ban taka matakala ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ba zan bar ta tsaye kamar gawa ba. A garinmu itacen da ya zubar da ganye da rani ya mutu."

Na ce, "A garinmu kuwa kowane itace haka yake yi. Ya tuɓe ya jira. Baba, wannan ta zauna da Bahaushe ne ta koyi dabara."

Na kankare ɓawon reshe da farce. Can ciki akwai ɗan kore, siriri kamar zare. Ya daɗe yana duba shi. Ya aje zarton a ƙasa, ya juya zai koma, bai kai mararraba ba ya dafe ƙirji ya durƙusa a gefen dutsen nan.

Ya yi kwanaki a asibiti. Da aka sallamo shi aka sauko da gadonsa ɗakin gaba, mai kallon titi, don likita ya hana shi hawa bene, ya hana shi lambu. A makon ne aka ga watan azumi.

Azumin ƙarshen rani a London dogo ne. Ka yi sahur ido a rufe, rana kuma ta fito ta manta hanyar gida. A kwanakin farko zafin bai sassauta ba. Ina ɗauke da ruwa a hannu, harshena kamar ɓawon gyaɗa, in kai in zuba wa itacen da ba shi da ganye ko ɗaya, ƙasa ta shanye kafin in miƙe. Inna Lida ta koyi lokacin shan ruwa fiye da ni. Tana tsaye a taga da agogo, da lokaci ya yi sai ta buga cokali a jikin tukunya mai jan zare. Dabino ya yi wuyar samu a unguwarmu, don haka da cokalin maɗi nake buɗe baki, daga kwalba ta ƙarshe. Na ce ta aje wa Baba. Ta ce shi ya ce a ba ni, ladan ɗaukar ruwa.

Ruwan ya zo da rana tsaka. Sama ta yi baƙi daga yamma, iska ta kwashi busasshen ganye ta watsa, sai ɗigo na farko ya faɗo a kan simintin babbar hanya, mai faɗin kwabo. Sai ƙamshin nan ya tashi. Wallahi irinsa ɗaya da na garinmu, har na juya ina neman mahaifina da fartanya. Turawa suka fito titi da kayan jikinsu suna ihu. Ni ina tsaye a lambu na rufe baki gam don kada in karya azumi, ruwa yana bin fuskata, tafki yana cika.

Na shiga ɗakin gaba ina ɗiga. "Baba, ka ji?"

Yana kallon taga. Ya ce, "Yanzu zai fara hawa matakalar cocin."

"Haba Baba, ruwan London ina ruwansa da ƙasarku? Nisan fa?"

"Hadari daga yamma yake tafiya gabas, Injiniya. Jibi yana can."

Da ruwan ya fara kuma bai san tsayawa ba. Muka ƙarasa azumi a jiƙe, muka yi Salla a jiƙe. Ciyawa ta dawo. Ɗinya dai shiru, baƙaƙen rassa kawai. Kullum da safe Baba Karel yakan tambaye ni, ni kuma in ce tana nan tana shawara.

Wata Asabar, ganyen sauran itatuwan unguwa ya fara ja yana zuba, Habu ya zo duba Baba. Na fita lambu zubar da shara, sai na ga wani fari-fari a kan rassan. Na ɗauka tsuntsaye ne suka yi aikinsu. Na matsa. Fure ne. Farare tas, a kan reshen da ba ganye, a lokacin da kowane itace yake shirin barci. Na yi kabbarar da na tabbata an ji ta a Whitechapel. Na karyo ɗan reshe na ruga ɗakin gaba ina ɗaga shi sama.

"Baba! Albishirinka! Ta tashi! Har da ado!"

Inna Lida tana shigowa da shayi. Ta ga abin da ke hannuna. Kofin ya suɓuce ya fashe. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta toshe baki da gefen zanen girkinta, ta fita. Na tsaya da fure a hannu kamar angon da ya shiga gidan makoki.

Baba Karel ya miƙo hannu na ba shi. Ya shinshina. Ya ce, "Zauna, Injiniya. Ba ka sani ba. A Olshanka, idan itacen gida ya yi fure da kaka, wani zai fita daga gidan kafin sabuwar shekara. Haka ya yi wa kakata. Haka ya yi wa mai niƙa."

Bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na ce, "Wannan a garinku ne. Ita kuwa ruwan Hausawa ta sha, dokarmu take bi. A garinmu idan itace ya yi fure ba lokacinsa ba, mai gidan sai ya shekara ɗari, har ya gaji da mutane. Ko ba haka ba, Alaramma?"

Habu ya dube ni. Ya dubi tsohon. Sannan ya ce, "Haka ne, Baba. Sananne ne."

Baba Karel ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai ka iya ƙarya amma ka cika yawa. Shi kuma wannan bai iya ba sam, dubi kunnensa." Ya ɗora reshen a ƙirjinsa. "Ku bar Lida ta yi kukanta. Ni abu ɗaya na tambaya kullum da safe, yau an ba ni amsa. Tana da rai." Ya rufe ido. "To, Injiniya. Jirgi ya sauke ka a tasha. Kai ni gida."

Na fara. Na gangara babbar hanya, makaranta a dama, na faɗi sunan malamin da sandarsa. Na wuce maƙera. Na bi gidaje ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su, har da mahaukacin da ke gaida agwagi da sunan waliyyai. Inda na yi tuntuɓe ya gyara min ba tare da ya buɗe ido ba. Na zagaya tafki, na tsaya a gicciyen mai kisan ƙane, na hau matakalar coci na sauko. Da na iso ƙofar gidan mahaifinsa ya ce, "To, ka iya. Sauke ni a nan." Kusan kullum bayan nan sai na kai shi gida sau ɗaya.

Ya rasu da sanyin farko, kafin Kirsimeti. Ni da Habu muna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, da kwat ɗinmu na zamanin fetur. Da bazara ɗinya ta yi ganye sosai, amma ba ta yi fure ba, ta riga ta kashe nata. A gindinta wani ɗan toho ya fito daga saiwa. Shekarar da Inna Lida za ta koma gidan kula da tsofaffi ta sa na haƙe shi na dasa a tukunya mai jan zare. Na yi yawo da shi gidan haya bayan gidan haya kafin ya samu ƙasa. Waɗanda suka sayi gidan sun sare uwar, sun shafe lambun da siminti. Inna Lida ta bi mijinta. Habu ya koma gida ya yi alƙalanci, shi ma Allah ya yi masa rasuwa. Ni da aka aiko in koyi gina madatsa ban gina ko ta kwata ba, na ƙare ina bin titunan London ina neman inda bututu ke yoyo.

Jiya bayan magariba Zainab ta fito da robar a hannunta, hannayen rigarta a naɗe, ta juye a gindin itacen ba ta dube ni ba. Sai ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "To ina cocin yake?"

Na miƙe na tsaya a ƙofar kicin na gyara hula. Na ce nan tasha ce, jirgi ya sauke ki. Na gangara da ita babbar hanya. Makaranta a dama. Maƙera. Gidan da ke bin maƙera kuma, mai shuɗiyar ƙofa, wanda matar gidan ke kiwon zuma...

Sunan ya tafi. Na san baƙin da yake farawa da shi, ina jin sa a kan harshena, ya ƙi fitowa. Na koma tasha na sake tahowa, na zo daidai wurin na sake tsayawa. Zainab tana jira. Na duba duniyar nan kaf, daga Dagenham har ƙarƙashin ruwan nan, babu wanda zan tambaya.

Na ce mata, "Mu wuce, ba sa nan." Muka wuce zuwa tafki.